Busasshen tumatir a girkin yau da kullum: ina nake yin kuskure?

Sabuwar Uwargida ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan busasshen tumatir, wanda wasu ke kira kauɗa. A lokacin da ɗanyen tumatir ya yi yawa a hannuna, na yanyanka shi na barbaɗa masa gishiri na shanya a rana har tsawon mako guda, kuma bayan ya bushe na samu abin da ya kai kusan kilo biyu. Na yi farin ciki ƙwarai, domin a ganina na huta da neman tumatir na watanni masu yawa.

Sai dai sau uku ke nan ina yin miya da shi, kuma ko sau ɗaya ba ta fito yadda nake so ba. A karo na farko miyar ta yi duhu har ta kusa komawa launin ƙasa. A karo na biyu tsami ya rinjayi komai, na ƙara gishiri da kayan ƙamshi amma bai sauka ba. A karo na uku kuwa ɓawon ya riƙa yawo a saman miyar, kuma maigidana ya tauna tsakuwa, abin da ya dame ni matuƙa domin na san irin wahalar da na sha wajen shanya shi. Yadda nake yi shi ne in ɗebo cikin ƙaramin kwano ɗaya, in zuba a na'urar markaɗe da ruwan sanyi, in markaɗa, sannan in soya kamar yadda nake soya ɗanye.

Tambayoyina guda uku ne. Wane adadi ya kamata in riƙa ɗiba don miyar mutum huɗu, kuma wane shiri ake yi masa kafin ya shiga tukunya? Ban da miya, a wane irin abinci ake sa shi ya yi daɗi? Sannan na ga ana zuba shi a kwalba a rufe shi da mai tare da tafarnuwa, ina so in san ko zan iya yin haka da nawa in ajiye a kan kanta. Allah ya saka da alheri.

Kakar Yara ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki damu, tumatirinki bai lalace ba, kuma duk abubuwan da kika lissafa suna da magani. Zan fara da adadi, domin a nan ne babban kuskuren yake. Ɗanyen tumatir kusan dukkansa ruwa ne, wajen kashi 94 cikin 100, kuma ruwan ne kawai rana take ɗauka, ta bar miki tsamin da zaƙin da gishirin da kika barbaɗa a dunƙule wuri ɗaya. Ana buƙatar tsakanin kilo 8 zuwa 14 na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya na busasshe. Saboda haka wannan ƙaramin kwanon da kike gani kamar bai kai ya kawo ba, idan ya ɗauki giram 200, to kin zuba tsamin tumatir kusan kilo biyu ko fiye a miyar mutum huɗu. Cikin tafin hannu biyu ya ishe ki, wato giram 50 zuwa 60, kuma gara ki fara da kaɗan ki ƙara daga baya, tunda abin da ya riga ya shiga tukunya ba ya fitowa.

Shirin kuwa matakai biyu ne, kuma mutane da yawa suna haɗe su su mayar da su ɗaya. Wanki daban, jiƙo daban. Da farko ki zuba shi a roba mai faɗi da ruwan sanyi, ki cuɗa da yatsunki, sannan ki tsamo tumatirin da hannu ki mayar a wata robar. Kada ki tsiyaye ruwan ta rariya, domin idan kika yi haka yashin da ya kwanta a ƙasa zai sake zubowa a kan tumatirin. Ki maimaita sau biyu ko uku har sai kin shafa gindin robar ba ki ji komai ba. Wannan wankin na minti biyu ne kawai, ba a barinsa ya zauna a ruwan, kuma shi ne zai raba ki da tsakuwa da ƙura da gishirin da ya yi yawa.

Bayan nan sai jiƙo. Ki zuba masa ruwan zafi wanda ya tafasa aka sauke, daidai yadda zai sha kansa, ki rufe ki bar shi minti 20 zuwa 30, har sai ya yi laushin da za ki iya tsaga shi da farce ba tare da ƙarfi ba. Ruwan sanyin da kike markaɗawa da shi ba ya ratsa ɓawon, shi ya sa na'urar take yayyaga shi kawai ta bar shi yana yawo a miya. Ruwan jiƙon nan kada ki zubar, domin rabin daɗin yana cikinsa. Ki tace shi da tsumma mai tsabta, ki markaɗa tumatirin da shi. Idan kina son miya mai santsi sosai, ki bi da markaɗen ta rariya mai ƙananan ramuka kina dannawa da bayan ludayi, ɓawon da 'ya'yan za su tsaya a sama.

Game da launi da tsami, abin da na saba yi shekara da shekaru shi ne ba na barin busasshen tumatir ya tafi shi kaɗai. Ina markaɗa shi da jan tattasai manya guda biyu ko uku da albasa babba, domin tattasai yana dawo da jan da rana ta rage, albasa kuma tana kawo zaƙin da yake danne tsami. Wata albasar kuma ina yanka ta in soya a mai a kan wuta kaɗan har ta yi laushi ta fara ja, kafin in zuba markaɗen. Idan akwai karas, guda ɗaya da aka dafa aka markaɗa tare yana taimakawa ƙwarai. Ki lura da wuta, domin wannan shi ne abin da ya sa miyarki ta farko ta yi duhu. Ɗanyen tumatir ana daɗewa ana soya shi ne don ruwansa ya ƙone, shi kuwa wannan rana ta riga ta yi masa wannan aikin, kuma sukarin da ke cikinsa yana saurin kamawa a gindin tukunya. Minti goma a wuta matsakaiciya kina juyawa ya wadatar, da zarar mai ya taso sama sai ki zuba romo. Gishiri kuma ki jinkirta shi zuwa ƙarshe, bayan kin ɗanɗana.

Malamin Kimiyyar Abinci ya amsa:

Hajiya ta gama magana a kan miya, ba ni da abin ƙarawa sai bayanin dalili, sannan in tsaya a kan tambaya ta uku, domin ita ce wadda ta shafi lafiyar iyali.

Abin da ya sa busasshen tumatir yake da garɗin da ɗanye ba shi da shi wani sinadari ne da ake kira gulutamet, wanda tumatir yake da shi da yawa tun yana ɗanye, kuma yake ninkuwa idan ruwa ya fita. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Japan, Kikunae Ikeda, shi ne ya gano a shekarar 1908 cewa wannan sinadari ne yake ba da ɗanɗanon da ke cikin romo mai kyau, kuma irinsa ne ake sawa a dunƙulen ɗanɗano na masana'anta. Amfanin sanin wannan, ƙanwata, shi ne ki daina kallon abin da ke hannunki a matsayin madadin ɗanyen tumatir kawai, ki riƙa kallonsa a matsayin kayan ɗanɗano. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ware wani kaso ki mayar da shi gari. Ki wanke shi da sauri kamar yadda Hajiya ta bayyana, ki sake busar da shi har ya riƙa karyewa idan an lanƙwasa, sannan ki daka ko ki niƙa ki tankaɗe. Ƙaramin cokali ɗaya na wannan garin a ruwan dafa shinkafa, ko a romon nama, ko a kan kifi kafin a gasa, yana sa ki rage dunƙulen ɗanɗano ba tare da kowa ya ji an rage wani abu ba. Garin yana jan danshi daga iska ya dunƙule, don haka a niƙa na mako biyu ko uku kawai a rufe shi da kyau.

Jan launin tumatir kuwa daga sinadarin laikofin yake, wanda ba ya narkewa a ruwa sai a mai. Wannan shi ya sa man miya yake yin ja idan an soya tumatir, kuma shi ya sa jiki ya fi amfana da shi idan an dafa da ɗan mai. Bitamin C dai yana raguwa sosai a wajen shanya, saboda haka busasshe ba ya ɗauke wa mutum buƙatar ɗanyen kayan lambu. Duhun da kika gani ba alamar lalacewa ba ne. Na kanti da ake gani ja jawur, sau da yawa an turara shi ne da hayaƙin farar wuta don ya riƙe launinsa, kuma wannan sinadari yana iya tayar wa wasu masu ciwon asma da ciwonsu, don haka ake rubuta shi a jikin leda. Naki na gida ba shi da wannan matsalar. Akwai kuma wanda ya kamata a kula da shi, wato mai ciwon ƙoda da likita ya hana shi yawan sinadarin fotashiyam, domin giram 100 na busasshen tumatir yana ɗauke da kusan miligiram 3,400, alhali ɗanye bai kai 250 ba.

Yanzu maganar kwalba da mai. Wannan hanya ta shahara ne daga kudancin Italiya, a yankuna irin su Sisili da Kalabiriya, inda ake shanya tumatir a lokacin zafi, a tsoma shi a ruwan khal, sannan a rufe shi da man zaitun. Ruwan khal ɗin nan ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da take zaune a cikin ƙasa, kuma tana iya maƙalewa a jikin tafarnuwa da ɗanyen ganyen ƙamshi. Ba ta girma inda akwai iska ko inda tsami ya yi yawa, amma a ƙarƙashin mai babu iska, tafarnuwa kuma ba ta da tsami kuma tana da danshi, don haka idan kwalbar ta zauna a kan kanta a ɗumin ɗaki ƙwayar tana iya fitar da guba mai shanye jijiyoyi har ta hana numfashi. Abin tsoron shi ne ba lallai abincin ya canza wari ko launi ko ɗanɗano ba. Na masana'anta ana auna tsaminsa a tabbatar lambarsa ta yi ƙasa da 4.6 a ma'aunin tsami, wanda a cikinsa ƙarancin lamba ke nuna yawan tsami, kafin a rufe, mu kuwa a gida ba mu da hanyar tabbatar da haka da ido ko da harshe.

Don haka shawarata ita ce kada ki ajiye shi a kan kanta. Idan kina son wannan haɗin, ki yi ɗan kaɗan, ki sa a firji, ki cinye cikin kwana 4, wanda shi ne wa'adin da masana adana abinci a Amurka suke bayarwa ga duk abin da aka haɗa da ɗanyar tafarnuwa a cikin mai. Idan kina son ya daɗe, ki kasa shi ƙanana ki sa a firiza. Sauran tumatirinki ki bar shi a bushensa, domin bushewar ce take kare shi.

Mai Girkin Safe ta amsa:

Gaisuwa ga Hajiya da Malam. Ina so in ɗan saɓa wa Hajiya a wuri ɗaya, cikin girmamawa. Jiƙon minti talatin da markaɗe daidai ne ga miya, amma a ganina busasshen tumatir ya fi nuna kansa ne idan aka bar shi gutsi-gutsi, mutum yana ci yana cin karo da shi a haƙori, mai ɗan tauri mai tsami da zaƙi. Idan aka jiƙa shi ya yi lugub, wannan taurin ya tafi, kuma ni saboda shi nake ajiye busasshe ko a lokacin da ɗanye yake ko'ina.

Inda na fi amfani da shi shi ne ƙwai. Ɗanyen tumatir yana sakin ruwa a kasko ya sa ƙwai ya tsinke, busasshe kuwa ba ya yin haka. Ina wanke guda biyar ko shida, in zuba musu tafasasshen ruwa na minti biyar kawai, in matse, in yanka sirara da almakashin kicin domin wuƙa tana zamewa a kansa, sannan in soya da albasa na minti ɗaya kafin in zuba ƙwai huɗu. Haka nake yi da soyayyen dankali da kuma kabeji, duk abin da ba a son ya yi ruwa.

A abincin da yake daɗewa a wuta kuwa ba na jiƙa shi ko kaɗan bayan wanki, domin ruwan tukunya zai yi aikin. A shinkafa ina yanka shi in zuba tare da ita tun farko, in ƙara ruwa kamar rabin kofi a kan wanda na saba, tunda shi ma zai sha nasa. A naman da ake dafawa a hankali ina jefa shi a tsakiyar dahuwa, ya narke ya ba romon kauri. Wake ne kawai yake da sharaɗi, kuma na koyi wannan ne bayan na ɓata tukunya guda: tsami yana hana wake yin laushi, don haka sai waken ya nuna sarai sannan a zuba tumatirin, a ba shi minti goma sha biyar su haɗa jiki.

Akwai kuma wani haɗi da nake yi a ƙarshen mako wanda yake sauƙaƙa mini kwanaki uku masu zuwa. Ina jiƙa cikin kofi ɗaya sosai irin yadda Hajiya ta ce, in daka da soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu da tafarnuwa ƙwaya biyu da ɗan barkono, ina ɗiga mai har ya zama kamar ƙullu mai kauri. Ana shafa shi a burodi, ana juya cokali biyu a dafaffiyar taliya da ɗan ruwan da aka dafa ta, ana kuma shafe kaza da shi kafin ta shiga tanda. Bayan karanta bayanin Malam na gane cewa wannan ma haɗin tafarnuwa da mai ne, don haka daga yau ba zai wuce kwana huɗu a firjina ba. Masu gasa burodi a gida su ma suna iya yanka shi ƙanana su cuɗa a cikin ƙullun, sai dai a tura gutsattsarin ciki sosai, domin wanda ya leƙo waje yana ƙonewa ya yi ɗaci.

Sabuwar Uwargida ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Jiya na bi bayanin Mama daki-daki, kuma yashin da na gani a gindin robar a wanki na farko ya ba ni mamaki. Na yi amfani da cikin tafin hannu biyu da tattasai uku, miyar ta yi ja ta yi kauri, tsamin kuma ya tsaya daidai. Yau da safe na gwada na ƙwai irin na Yaya, kuma na fahimci abin da take nufi da barinsa da ɗan tauri. Maganar kwalba na fasa.

Sai dai da na zazzage buhun don in ɗebo, na ga wasu daga ƙasa sun yi laushi suna mannewa da juna, wasu kuma suna da wani fari-fari a jikinsu. Shin fumfuna ce ko gishirin ne ya fito, kuma me zan yi da sauran?

Malamin Kimiyyar Abinci ya sake amsawa:

Ƙanwata, ki fitar da su wuri mai haske ki duba ɗaya bayan ɗaya. Gishiri idan ya fito yana zama kamar ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, yana da kaushi a yatsa, kuma yana narkewa nan take idan kika ɗiga masa ruwa. Fumfuna kuwa tana da gashi-gashi kamar auduga, wani lokaci da ɗigon baƙi ko kore a tsakiyarta, kuma tana da warin ɗakin da ya daɗe a rufe. Duk wanda kika ga fumfuna a jikinsa ki zubar da shi tare da waɗanda suka manne da shi, kada ki kankare ki yi amfani da sauran, domin saiwarta tana shiga cikin tsokar inda ido ba ya gani, kuma wasu nau'o'inta suna barin gubar da dahuwa ba ta kashewa. Idan kuwa kika tarar ta bazu a wurare da yawa a cikin buhun, ko warin ya kama duka, to haƙuri za ki yi da shi gaba ɗaya.

Laushin da mannewar alama ce ta cewa ko dai wasu yankan sun fi wasu kauri ba su gama bushewa ba, ko kuma sun ja danshi ta jikin buhun. Masu kyau daga cikinsu ki sake baza su a kan faranti ko raga da aka ɗaga daga ƙasa, ki lulluɓe da siririn yadi saboda ƙuda da ƙura, ki ba su rana ɗaya ko biyu kina shigar da su kafin raɓa ta sauka. Idan babu rana, tanda a kan wuta mafi ƙanƙanta, wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, da ƙofarta a ɗan buɗe, za ta yi aikin cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya bushe daidai yana lanƙwasuwa kamar fata, kuma idan kika tsaga shi kika matsa ba za ki ga danshi a tsakiya ba.

Daga nan ki raba shi a kwalabe ƙanana masu murfi mai kamawa, maimakon buhu ɗaya da ake buɗewa kullum. A makon farko ki riƙa girgiza kowace kwalba sau ɗaya a rana kina duba jikin gilashin, idan kika ga gumi a ciki to da sauran ruwa, sai a mayar da shi shanya. Ki ajiye su a wuri mai duhu da sanyi nesa da murhu, domin haske da zafi suna ƙara masa duhu su rage ƙamshinsa, kuma ki riƙa ɗiba da busasshen hannu. Wanda kika san ba za ki taɓa ba sai bayan watanni, firiza ta fi masa.

Abu na ƙarshe ya shafi wanda za a ci ba tare da dahuwa ba, kamar a haɗin ganye ko a shafin burodi. Shanya tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, amma ba ta kashe su duka. A shekarar 2009 an samu ɓarkewar ciwon hanta nau'in A a Ostireliya, kuma bincike ya danganta shi da tumatirin da aka busar rabi da rabi aka ci ba a dafa ba. Don haka duk wanda ba zai shiga tukunya ba, ki jefa shi a ruwan da yake tafasa a kan wuta na minti ɗaya ko biyu, ki tsame ki bar shi ya huce kafin ki yanka.